Kuɗin Rani: Yadda Makaranta da Mutanen Gari Za Su Tara Gudummawa Don Raya Itatuwa da Tsuntsayensu

A tsibiran Borniyo da Sumatara, can kudu maso gabashin Asiya, akwai wani babban biri mai jan gashi da ake kira orangutan. Kusan duk rayuwarsa a kan itace yake yin ta. Can yake ci, can yake haɗa sheƙar ganye ya kwana, kuma uwa ba ta sake haihuwa sai bayan shekara bakwai ko takwas, domin duk tsawon lokacin tana reno, tana koya wa ɗanta abin da ake ci da wanda ba a ci a daji. Da aka bi dazukan da sara saboda katako da gonakin kwakwar manja, sai matsuguninsa ya ƙuntata. Yau iri ukun da aka sani duk suna bakin ƙarewa. Na yankin Tapanuli, wanda sai a 2017 masana suka tabbatar iri ne mai zaman kansa, bai kai 800 ba.

A makarantu da dama na Ingila da Amurka da Ostareliya, yara kan tara kuɗi saboda wannan biri da ba su taɓa gani ba sai a hoto. Akwai cibiyoyin da ke renon marayun orangutan har su iya komawa daji, irin ta Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya, wadda aka buɗe tun 1964. Aji guda sai ya ɗauki nauyin maraya ɗaya mai suna, a yanke abin da za a riƙa bayarwa a wata ko a shekara, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin kuma ta aiko da hotonsa da takardar shaida, lokaci zuwa lokaci ta turo labarin yadda yake girma. Abin da ke riƙe da tsarin ke nan: an san wa ake tara wa kuɗin, an san nawa ake nema, kuma mai bayarwa yana jin inda kuɗinsa ya shiga.

Mu a Dutsin-Ma da Kurfi ba mu da orangutan, amma ciwon da ke cin sa yana ƙofar gidanmu. Dattawa suna ba da labarin barewa da gada da jan biri da bika a gefen dajin Rugu, da gauraka a fadamu. Wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba a yanka a mahauta sai ungulaye sun jeru a kan katanga suna jira. Yanzu yaro kan gama firamare bai ga ko ɗaya ba. A 2015 IUCN, ƙungiyar duniya mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ungulun nan ta gari a ajin masu dab da ƙarewa, ajin da orangutan yake ciki yau. Guba na kashe ta, masu sayar da kanta da sassanta ga 'yan tsibbu na kashe ta, dogayen itatuwan da take sheƙa a kai kuma suna komawa gawayi. Ƙwai ɗaya tak take yi, saboda haka duk wadda aka rasa, cike gurbinta sai an daɗe. Dabba dai ba ta zama inda babu gidanta, gidan yawancinsu kuwa itace ne. Shi ya sa gidauniyar makaranta a wannan yanki, ko da tsuntsu ne a zuciyarta, a kan itace za ta kashe mafi yawan kuɗinta.

Abin kuma yana yiwuwa, an gani a maƙwabta. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma 49 ne, a yankin Kure kusa da Yamai. Aka tsare su, aka kuma taimaka wa ƙauyukan da ke zaune da su da rijiyoyi da ƙananan rance, don manomin da raƙumin dawa ya ci masa wake ya ga wani amfani a zaman dabbar. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Aikin da za a tara wa kuɗi

Kada a taɓa fita da kwano ana cewa a taimaka wa muhalli. Babu wanda ya san inda muhalli yake kwana. A zaɓi aiki ɗaya wanda za a iya nuna shi da yatsa, wanda tsoho zai iya takawa ya je ya gani bayan la'asar. Itace 100 a kewayen makaranta, aiki ne. Tsare tsoffin kukoki da tsamiyoyi goma na cikin gari da shamuwa ke sauka a kansu, ta hanyar daidaitawa da masu su kada su sayar wa 'yan gawayi, aiki ne. Gidan renon dashe a kusa da rijiyar burtsatsen makaranta, shi ma aiki ne. Makarantar da ke farawa ta ɗauki guda ɗaya kawai.

Wurin ya kasance cikin shingen makaranta ko cikin gari. Tun da aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, babu uban da zai yarda a nufi daji da ɗansa da sunan kallon tsuntsaye, kuma yana da gaskiya. Kwamitin da ya faɗi wannan da bakinsa tun ranar farko ya kwantar wa iyaye da hankali.

Akwai aikin da kusan ba ya cin kuɗi, wanda manoman Maraɗi suka koya wa duniya. Tun wajen 1983, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututturan da ke gonakinsu maimakon sassabe su duk shekara. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar saiwar da ta daɗe a ƙasa ta yi aikinta. Sassabin zamani suke ce masa. An ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da ban ruwa ba. Gidauniyar makaranta na iya ware ɗan abu ta yi kyauta ga manoman da suka fi barin gawo a gonakinsu. Gawo bai yi wa manomi ƙeta ba: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi.

Lissafin da ake yi kafin a roƙi kowa

A nan ne yawancin shirin dashe ke mutuwa, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya. Kowa ya san yadda ake bikin dashen itace: rumfa, lasifika, babban baƙo ya tsuguna ya rufe rami, a ɗauki hoto. Wannan a watan Yuli ne, ƙasa a jiƙe, komai kore. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. A gama kaka a saki awaki. Hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta zo da zafinta a Maris da Afrilu. Wanda ya koma wurin a watan Mayu sai ya tarar da sanduna a tsaye. An tara kuɗin ranar dashe ne, ba a tara na rani ba.

To a zauna da alli a gaban allo. Ƙaramin dashe a shekararsa ta farko, in an ba shi lita biyar sau biyu a mako, zai rayu. Mangwaro da gwaba sun fi haka sha, bedi da gawo da bagaruwa sun fi haƙuri. Lita goma ke nan a mako. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu mako 30 ne. Lita 300 ke nan ga itace ɗaya, wato jarka 12 mai cin lita 25. Itace 100 kuwa jarka 1,200, ko jarka 40 duk mako. A je wurin 'yan ga-ruwa a tambayi kuɗin jarka a bazara, ba na damina ba, a ninka. In makarantar tana da rijiyar burtsatse, a lissafa man janareto ko gyaran famfo, domin ranar da ya lalace itatuwan ba za su jira ba.

Sai kariya. Dashen da ba a killace ba, abincin akuya aka ajiye. Kowane itace yana bukatar kewaye, ko na ƙayar magarya da sarƙaƙiya, ko na kara da aka saƙa, ko na bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, ko na waya in hali ya yi. Na ƙaya ya fi araha amma sai an riƙa sabunta shi, kuma kada a sare itace rayayye don a kare ƙarami. A tsinci abin da aka sassabe a gonaki. A sa kuɗin takin gargajiya da na haƙa rami mai kamu biyu faɗi da zurfi. Gara ma tana da rabonta a lissafi, ko da toka da dakakken ganyen bedi za a yi mata. Sannan ladan mutum ɗaya da zai riƙa ban ruwa lokacin hutu, musamman hutun da ya faɗo cikin bazara ko azumi. Sau da yawa maigadin makaranta ya fi kowa dacewa, amma a biya shi, kada a ɗora masa a matsayin alfarma.

A ganina, cikin kowace naira 100 da aka tara, ashirin ta ishi dashe da rami, talatin ta tafi shinge, arba'in ruwa da mai ban ruwa, goma a ajiye don abin da ba a zata ba. Rumfa da lemo ba su da kaso. In lissafi ya nuna ƙarfin jama'a bai wuce itace 40 ba, a dasa 40. Ƙa'idar da nake roƙon kowane kwamiti ya rubuta a shafin farko na littafinsa ita ce: ba a sa dashe a rami sai kuɗin raninsa yana hannu. Wannan na nufin a fara tarawa da kaka, a reni iri a Maris da Afrilu, a dasa a Yuli in ruwa ya zauna.

Da wannan lissafi a hannu, sai a yi irin abin da masu orangutan suke yi. A ba kowane itace lamba a jikin ɗan gwangwani ko katako. A haɗa kuɗin jarka 12 da na shinge da na dashe, a ce ga kuɗin riƙon itace ɗaya na shekara. Mai hali ya ɗauki biyar, mai ƙaramin ƙarfi su haɗu su uku a kan ɗaya, aji ya ɗauki biyu. A rubuta sunan mai riƙo a littafi kusa da lambar. Wani zai ce a rubuta sunan mahaifiyarsa da ta rasu, a yi masa haka da girmamawa.

Ƙofofin da ake bi

Makarantar gwamnati ba ta karɓar kuɗi daga yara da ra'ayin shugabanta kaɗai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, saboda haka duk abin da ya yi kama da haraji zai jawo wa malami tuhuma. A kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta abin da aka amince, a kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko ofishin shiyya in sakandare ce. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa gudummawa ce ta ganin dama: ba a korar yaro, ba a dukansa, ba a kiran sunan wanda bai kawo ba a gaban aji.

Daga nan sai gidan mai unguwa, shi ya kai ku wurin dagaci. In aikin ya shafi filin gari ko itatuwan jama'a, maganar za ta kai fadar hakimi, Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, Maraɗin Katsina a Kurfi. A je mutum uku ko huɗu, a gaisa a natse, sannan babba a cikinku ya yi magana: “Ranka ya daɗe, izini da albarka muka zo nema. Itace ɗari muke son rayawa a bayan makaranta. Ga lissafin ruwansu da shingensu a rubuce. Ba mu karɓi ko kwabo ba sai mun ji daga bakinka.” A bar masa takardar. Ranar da akuyar wani ta ɓalle shinge, ko wani ya zo da gatari, wannan ziyarar ce za ta yi magana.

Liman ma a same shi da wuri. Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim mai nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi. Tunatarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi takardar gayyata ɗari. Sai dai a kiyaye: zakka tana da waɗanda aka ambata za a ba, itace ba ya cikinsu. Sadaka da waƙafi ne ƙofar wannan aiki.

Akwai mutanen da ake mantawa da su, alhali su ne suka fi kusa da lamarin. Sarkin fawa ya fi kowa sanin ranar da ungulu ta daina zuwa mahauta. Sarkin baka ya san wanda ke kama tsuntsaye ya kai kasuwa. Ardo ya san hanyar da dabbobi ke bi da rani, kuma makiyayi ne ke sassaro rassan gawo. In an zauna da shi za a iya yarda a kan yadda za a datsa ba tare da an kashe itacen ba. Masu gidan burodi da masu sayar da itacen girki kuwa a je musu da mutunci, ba da zargi ba, domin abincinsu suke nema. Da yawansu za su ɗauki riƙon itace in an nuna musu lamba da lissafi.

Yadda ake tarawa

Manomi da kaka ya fi sauƙin ba da hatsi a kan ba da kuɗi. Tiya ɗaya ta gero ko dawa ko masara daga kowane gida ba ta yi wa kowa nauyi. Gida 100 sun ba da tiya 100, wajen buhu biyu da rabi ke nan. A auna a gaban shaidu, a rubuta, a ɗinke buhu a sa hannu a baki. Ana iya ajiyewa zuwa lokacin da hatsi ya yi daraja, amma farashi ba ya da alkawari, akwai shekarun da yake faɗuwa, ga ƙwari. Na fi son a sayar da rabi nan take a sayi kayan shinge, a ajiye rabi.

A cikin aji kuma asusu ne. A ce makaranta tana da ɗalibai 400, rabinsu suka riƙa jefa naira 50 duk mako har mako 12 na zango ɗaya, an sami naira 120,000 ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Asusun ya zama mai kulle, a buɗe shi ranar Alhamis ko Juma'a a gaban aji, ɗalibai biyu su ƙirga, malami ya rubuta, a kafe adadin a jikin allo. Yaron da ba shi da kuɗi ya kawo abin da yake da shi: ledojin fiya-wata da aka sha don renon iri, kwandon taki, 'ya'yan kuka ko na tsamiya ko na ɗorawa, ko ya ɗauki ban ruwan itace ɗaya. A rubuta masa wannan a littafi daidai da mai kuɗi.

Gidan renon dashe shi kansa hanyar kuɗi ne. A cika leda da yashi da taki, a huda ƙasanta, a jera a inuwa. Irin gawo da na kuka masu taurin ɓawo ne, sai an kankare su kaɗan ko an jiƙa su a ruwan zafi kafin su tsiro. Abin da ya wuce bukatar makaranta a kai kasuwa farkon damina, musamman mangwaro da gwaba da zogale da mutane ke saye da son ransu. Zogale ma cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, masu kwaɗo su saya. Amma ina roƙon kada son abin da ke sayuwa ya kori itatuwan gida. Kanya da ɗinya da kaɗanya da tsamiya da kuka su ne tsuntsayenmu suka sani. Itacen turare yana saurin girma amma yana shan ruwa, kuma abin da yake ciyarwa kaɗan ne.

Mata na cikin gida kada a tsallake su. Malama ɗaya da ɗalibai mata biyu su shiga gida-gida da sallama, ko a yi maganar a Islamiyyar matan aure. Masu adashi na iya yarda su ware zubi ɗaya don riƙon itace. Wata kuma za ta ce a kawo mata dashen ta raya shi a tsakar gidanta da ruwan wanke-wanke. Irin wannan itacen da wuya ya mutu.

In za a shiga kasuwa, malami ya kasance tare da yara, a cikin kayan makaranta, da takardar izini da littafin rasit, bayan an gaida sarkin kasuwa. Ba a tura yara bakin titi su tare motoci, wannan bara ce, kuma haɗari ce. Maganar ta zama gajeriya, yaro ya rusuna ya gaida mai rumfa ya ce: “Baba, itace mai lamba 37 bai sami mai riƙo ba. Jarka goma sha biyu yake sha a rani, ga kuɗin shingensa a nan.” Ɗan kasuwa mutumin lissafi ne, abin da ke da adadi ya fi shiga kunnensa.

Tsofaffin ɗalibai da 'yan gari mazauna Katsina da Kano da Kaduna da Abuja da Legas ana samunsu a zaurukan WhatsApp. A tura musu hoton wurin, da lissafin, da lambar asusu, kuma lokacin da suka zo Sallah a kai su su gani. Ranar yaye ɗalibai ko ranar muhalli ta duniya, 5 ga Yuni, ana iya yin wasan kwaikwayo da kacici-kacici da gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, a sanar da gidauniyar a wurin. Asabar ta farkon Satumba kuma ita ce ranar da aka ware don ungulu.

Wasu hanyoyin a bar su. Makarantun Turai kan sayar da tikitin ƙuri'a mai kyauta. A nan caca za a kira shi, kuma zai ɓata sunan aikin. Kada a gayyato masu wasa da kura ko biri ko maciji don tara jama'a, domin daga daji aka rabo dabbobin nan, yara kuma suna kallo. Fatun layya tuni ƙungiyoyin addini ke tara su don ayyukansu, babu amfanin gogayya da su. Ɗan siyasa in ya ba da gudummawa a karɓa a rubuta masa rasit kamar kowa, amma kada hotonsa ko alamar jam'iyya ta hau allon aikin, in ba haka ba rabin gari zai janye hannu. Babban taron ƙaddamarwa kuma, inda ake shelar alkawarin dubban ɗaruruwa, a yi hattara da shi. Alkawari ba ya shiga littafin kuɗi sai ya shigo hannu.

Tsaron amana

Kuɗin jama'a ba ya son duhu. Kwamiti ya zama na mutum biyar zuwa bakwai: malami, uba, uwa, wakilin mai unguwa, tsohon ɗalibi, da ɗalibai biyu masu sauraro su kai wa 'yan uwansu labari. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai ba da izinin kashewa daban. In za a buɗe asusun banki, a buɗe da sunan ƙungiyar, mutum uku masu sa hannu, ba a cirewa sai biyu sun sa. Banki zai nemi tsarin mulkin ƙungiya da bayanin taron da aka yanke shawarar, a tanade su. Turawa cikin asusun wani mutum, komai gaskiyarsa, ita ce ƙofar da zargi ke shigowa, kuma zalunci ne a jefa mutumin kirki cikin bakin mutane. Inda babu banki kusa, a gaggauta mayar da kuɗin kaya: waya, jarkoki, bokitai. Ɗan ga-ruwa a riƙa biyansa mako-mako bayan ya kawo.

Duk wanda ya ba da wani abu, ko tiya ɗaya ce, a yanka masa rasit mai kwafi. Ƙarshen kowane wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manne a ƙofar makaranta, a ɗauki hotonsa a tura wa na nesa. Ƙarshen zango a karanta shi a taron iyaye.

Neman taimakon waje sai bayan an yi wannan, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin gandun daji da namun daji, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Malamansu da ɗalibansu na iya duba ƙasa, su ba da shawarar iri, su koya wa yara gane tsuntsaye. Malaman gandun daji na ƙaramar hukuma sun san inda ake samun dashe. Katsina na cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, kuma tana cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa. Gidauniyar kare halittu ta Najeriya, NCF, wadda ta faro tun 1980, tana da ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu kuma ta yi aiki a kan ceton ungulu. Wasiƙar da ke ɗauke da littafin lissafi da hoton itatuwa rayayyu ta fi wadda ke ɗauke da buri kawai. Mazauna kusa da madatsar Zobe kuma suna da 'yan lambu a kusa, waɗanda suka san renon shuka da rani fiye da kowa. A nemi ɗaya ya zama mai ba kwamiti shawara.

Farkon Yuni, kafin ruwa ya sauka ya rufe asiri, a fita ƙirga. Ɗalibai su bi lamba-lamba da littafi: wannan yana raye, wannan ya mutu, akuya ce ko gara ko ƙishi. A faɗa wa kowane mai riƙo gaskiyar abin da ya sami nasa, wanda ya mutu a maye shi a Yuli daga kason ajiya ba tare da an sake neman kuɗinsa ba. A buɗe shafi na musamman don tsuntsayen da yara suka gani a wurin, da rana da wata, su kuma yi yarjejeniya tsakaninsu cewa danƙon harbi ba ya shiga harabar makaranta. A shekara ta biyu yawancin itatuwan za su bukaci ruwa ƙasa da na farko, amma shinge sai ya ƙara tsawo, domin akuya tana miƙewa a kan ƙafa biyu. Malamai kuma ana canza musu wurin aiki, ɗalibai suna gamawa. Saboda haka littafin kuɗi da littafin lambobi su zama kwafi biyu, ɗaya a ofishin makaranta, ɗaya a hannun wakilin iyaye, kuma duk aji mai fita ya miƙa lambobin itatuwansa ga aji mai bi masa a gaban taron safe kafin a tafi hutu.